Surajo Wanzami da Kan Ɗan Fari

A Gafasa ta ƙasar Ajingi an yi wani wanzami wai shi Surajo, tun zamanin da ake rufe ƙofofin ganuwar Gaya da faɗuwar rana, Bature kuwa ko ƙeyarsa ba a taɓa gani ba a wajejen nan. Ba sarkin aska ba ne, bai kuma taɓa neman zama ba. Mutum ne dogo mai faɗin ƙirji, marar son magana; in ka gaishe shi sau uku, ɗaya zai amsa da baki, sauran da ka. Abin da ya mallaka bai wuce gonar gero ta gado, da jaki guda mai taurin kan tsiya, da zabirar fata mai ɗauke da askarsa da ƙahoninsa ba.

Hannu kam Allah ya ba shi. Dattawa har gyangyaɗi suke yi yana musu aski. In kuwa ya kafa wa manomi ƙaho a baya ya zuƙa, sai mutum ya tashi yana miƙa yana cewa an sauke masa dami. Ranar kasuwar Ajingi, gindin tsamiyarsa ba ya rabuwa da mutane. Wanzancin gado ne, amma ubansa, Hadi, ya rasu tun Surajo bai iya wasa aska ba, saboda haka aka kai shi Gaya wajen aminin uban, wani wanzami mai barkwanci da ake kira Gwadabe. A can ya ƙarasa koyo, ya dawo gida da sana'a a hannu.

Amma abin da aka fi saninsa da shi a Gafasa ba aska ba ce, kunya ce. A nono kuwa ya sha ta. Shi ne ɗan farin Iya Hure, ita kuwa Iya Hure a wajen kunyar ɗan fari ba ta da ta biyu. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. In tana nemansa sai ta ce a kira mata wancan. Da ya girma ya kama sana'a sai ya samu ƙarin girma, ya koma "wanzam". An ce ko lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi yana ƙarami, kakarsa ce ta yi jinya, ita dai sai ta yi ta gilmawa ta ƙofar ɗakin wai tana neman wata kaza. Kada wani ya ce rashin so ne. Haka muka taras: son ɗan fari a ciki ake barinsa, kamar garwashi a cikin toka, ba a ganinsa amma yana nan da zafinsa.

To, Surajo ya auri Hindatu, 'yar Ajingi, yarinya mai fara'a wadda duk unguwa aka sallama mata wajen lugude. In ta shiga daka da 'yan'uwanta mata, sai ta wurga taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, turmi na amsawa kamar ganga. Allah ya ba su ɗa namiji, aka mayar masa da sunan kakansa, Hadi. Ka ga ƙofa ta rufu sau biyu ke nan: ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan uba. Surajo, wanda ke yi wa kowane jaririn Gafasa askin suna, ranar sunan nasa ɗan sai da aka ɗauko wani wanzami daga Ajingi, shi kuwa aka gama addu'a ya sulale gona alhali babu abin yi a gonar.

Yaro ya zama na Iya Hure. Ita ke masa wanka, ita ke goyo, Hindatu nono kawai take bayarwa, shi ma tana kawar da kai in da mutane. Tun da sunan mijinta ya ci, tsohuwa sai ta riƙa kiransa Maigida, tana tsokanarsa wai ba ta taɓa auren miji marowaci irinsa ba, kullum sai ci ba ya kawo cefane. Surajo na zaure yana ji, fuska a ɗaure, ciki kuwa fal daɗi. Bai taɓa ɗaukar yaron ba, bai taɓa taɓa shi ba. Amma ranar da haƙorin farko ya tsiro ya riga kowa lura, ya dai yi shiru. Wata rana ya dawo daga kasuwa ya ajiye ɗan caki a bakin randa, ya ce a hanya ya tsinta, ko akwai mai so.

Da kaka abin ya faru, yaro ya fara rarrafe. Ana shirin suna a maƙwabta, mata suka taru a gidan Iya Hure suna daka. Lugude ya yi daɗi, Hindatu ta wurga taɓarya, ta tafa, sai gumi ya sa ta suɓuce mata. Ta daki bakin turmi, ta karkata ta faɗi baya, daidai inda Hadi ya rarrafo ba wanda ya gan shi. Kan taɓaryar ya same shi a gefen kai, sama da kunnen hagu kaɗan.

Ko ɗigon jini bai fita ba. Da fari ma har an fara hamdala. Sai da Iya Hure ta shafa kan tana lallashi, ta ji yatsanta ya faɗa. Wurin ya lotsa, kamar yadda ake lotsa lomar tuwo da babban yatsa za a ɗebi miya.

Nan fa kowace mace ta zama mai magani. Wata ta ce maɗiga ce ta faɗa, a kwaɓa lalle da kanwa a shafa. Iya Hure ta ce ita ba yau ta fara raino ba, maɗiga ga ta nan a tsakar ka tana bugawa lafiya lau, wannan ƙashi ne ya shiga ciki. An dai shafa lallen, an karɓo rubutu wajen liman an ba shi. Yaro bai daina kuka ba. Yana kai hannu wajen kunnen yana ja, in an kwantar da shi ta wannan gefen sai ya ƙwalla ƙara, nono ma sai ya kama ya saki. Hindatu kuwa, baiwar Allah, ita ta fi ba ni tausayi. Hannunta ne ya yi ɓarnar, ɗanta ne, amma ba ta da ikon zama gaban surukarta ta yi masa kuka. Sai ta ɗauki tulu ta tafi rijiya, ta yi kukanta a hanya, ta dawo da ruwan da ba a bukata.

Surajo fa? Da ya dawo ya ji gidan a hargitse, abin da ya iya tambaya shi ne wai kukan me yake ji haka. Aka gaya masa. Ya ce Allah ya sawwaƙe, kamar ɗan maƙwabta ake ba shi labari, ya koma zaure. Amma da Iya Hure ta fito da yaron a kafaɗa tana jijjiga shi, ta wuce ta gabansa, kuma na rantse da gangan ta wuce, ya saci kallo sau ɗaya. Nan take ya san abin da ya gani.

Tun yana yaron aska a Gaya, an taɓa kawo wa Gwadabe jaririn wasu makiyaya da maraƙi ya shura a ka, wurin ya lotsa kamar haka. Gwadabe bai yi tsaga ba, bai yi sakiya ba. Ƙaho ya kafa a kan lotsawar ya zuƙa, ƙashin ya taso. Ya kuma gaya wa Surajo a lokacin cewa ƙashin jariri ɗanye ne, yana lanƙwasa bai karye ba, amma in aka bar shi ya kwana biyu sai ya ƙi dawowa, yaro ya tashi da kai a lotse, wani ma da ciwon kan da ba ya barinsa. Surajo ya san wannan sarai. Ƙahonin kuwa ga su nan a zabira, rataye a bayansa. Amma wa ya taɓa ganin uba ya zauna ya rungumi kan ɗan farinsa, mai sunan mahaifinsa, a gaban uwar da ta haife shi? Gari zai ɗauka. Ba ma gari ba, shi kansa hannunsa ya ƙi miƙuwa. Sai ya yi abin da ya ga zai iya: ya ce wa bango, Iya Hure na ji, da za a kai yaron nan Gaya wajen Baba Gwadabe da ya fi.

Washegari da sassafe aka ɗaura wa jaki akumari. Iya Hure ta hau da yaro a cinya, Hindatu na biye a ƙasa. Surajo ya bar tazara mai yawa a bayansu, zabira a kafaɗa, duk wanda ya gamu da shi sai ya ce masa Gaya za shi sayo dutsen wasa aska. Jakin nan da kullum sai an yi dambe da shi, ranar ko tirjiya bai yi ba. Ga gero an girbe an jingine a gonaki, ga mutane na ta barka da kaka, su kuwa sai fama da kukan yaro, wanda tun yana yi da ƙarfi har ya koma ƙugi. Wannan raunin muryar ya fi kukan tayar wa Surajo da hankali.

Rana ta take tsaka suka shiga Gaya. Suka tarar da Gwadabe a zaurensa kan buzu, ya tsufa tukuf, haƙora sun zube, tari ya sa shi gaba. Amma bakin nan yana nan. Ya tsokani Iya Hure wai ta kawo masa sabon mijinta ya gani, sa'an nan ya karɓi yaron, ya bi kan da yatsa a hankali, sai wasa ya ƙare. Ya ce aikin ƙaho ne, kuma yau ya kamata, ba gobe ba. Bai ɓoye musu komai ba: sau biyu ya taɓa yin irinsa, ɗaya ya tashi, ɗaya bai tashi ba, waraka ta Allah ce. Iya Hure ta ce to a yi bismilla.

Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi da yanzu kunu ma da ƙyar yake zuƙa, ina ya ga numfashin ɗaga ƙashi? Wanzaman Gaya kuwa akwai su, amma ba wanda ya taɓa ganin an yi, in aka ba su za su ja ne kamar bayan ƙato suka samu. Mutum ɗaya ne ya tsaya a kansa ranar da ya yi, ya ga yadda ake yi, kuma yana da ƙirjin yi. Ya ɗaga kai ya dubi bakin ƙofa, inda Surajo ya rakuɓe yana kallon ƙasa.

"Lalle wanzami ba ya son jarfa," in ji Gwadabe. "Kai, shigo mana. Ko sai na aiko maka da goro?"

Surajo ya shigo ya durƙusa, amma hannuwansa na kan gwiwa. Ya buɗe baki ya ce ko za a nemi wani. Yana son yaron nan kamar ransa, yana jin tsoron kada hannunsa ya zama ajalinsa, ga kuma idon mahaifiyarsa, wadda duk rayuwarta ba ta taɓa karya wannan al'ada ba ko sau ɗaya, ko ranar da shi kansa yake kwance rai a hannun Allah.

Iya Hure ce ta motsa. Ta karɓi jikanta daga hannun Gwadabe, ta ja jiki har gaban ɗanta, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta. "Surajo, karɓi ɗanka."

Mutum ya haura shekara talatin a duniya, ranar ya fara jin sunansa a bakin uwarsa. Daga baya ya gaya wa Hindatu cewa da farko bai ma gane da shi ake ba. Sai ya ga hannuwansa sun miƙu da kansu. Ya ji nauyin yaron, ashe ba shi da wani nauyi, ga jikin da zafi, ga ƙanshin man shanun da Iya ke shafa masa.

Daga nan kuma sai wanzami ya farka. Ya sa Hindatu ta zauna ta riƙe ƙafafu, Iya ta tallafi haɓa. Ya jiƙa gashin wurin, ya aske shi tas da askarsa mafi laushi. Ya zaɓi ƙahon da bakinsa ya fi faɗi, wanda zai rufe lotsawar duka, ya shafe bakin da man kaɗe don kada iska ta shiga, ya kafa, ya yi bismilla, ya sa baki a tsinin. Zuƙar farko tsoro ya hana ta ƙarfi, ba abin da ya motsa. Ta biyu yaro ya fizge, ƙaho ya goce. Gwadabe ya ce masa kada ya fizga kuma kada ya saki, ya ja a hankali kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Surajo ya sake kafawa, ya rufe ido, ya ja, ya ci gaba da ja har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Sai ya ji wani ɗan motsi a cikin ƙahon, ɗan ƙaramin ƙwas, wanda in ba mai baki a wurin ba babu mai ji.

Ya cire ƙaho. Fatar ta yi ja ta kumbura, zagaye da sawun bakin ƙahon. Gwadabe ya miƙo yatsa ya bi wurin, ya sake bi, ya ce alhamdu lillahi. Ramin babu shi. Yaro kuwa ya tsala ihu irin wanda rabonsa da yi tun jiya, kowa ya ji daɗin ihun nan. Hindatu ta manta da surukarta, ta manta da Gwadabe, ta fizge ɗanta ta ba shi nono tana kuka a fili, ya kama bai saki ba. Ba wanda ya ce mata don me.

Sun kwana a Gaya don tsoho ya ga yadda yaron zai tashi, ya kuwa tashi yana wasa da gemun mai gidan. A hanyar komawa Surajo ne ya saɓa shi a kafaɗa, yana tafe yana jin numfashinsa a wuya. Amma da rumbunan Gafasa suka fara bayyana, sai ya tsaya ya miƙa wa Iya Hure jikanta, ya koma baya ya bar tazara. Ita ma da suka isa gida ta ce wa Hindatu ta kai wa wancan ruwa ya sha. Sunan nan bai sake fitowa daga bakinta ba har ta koma ga Allah. Shi ma bai nema ba, ɗayan ya ishe shi.

Sai dai wani abu ya canja. Ranar Juma'a da hantsi Surajo ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ce a kawo masa yaron nan, Baba Gwadabe ya ce a riƙa aske wurin ana dubawa. Ko Gwadabe ya faɗa ko bai faɗa ba, Allah masani. Aka kawo shi, ya ɗora shi a cinya, ya aske kan duka, ya daɗe yana shafa gefen hagun da tafin hannu. Iya Hure ta leƙo ta tambaya ko ya warke. Ya ce da saura.

Juma'a ta gaba ma haka. Aka yaye yaro, da saura. Aka yi masa kaciya, ya shiga makarantar allo, ya sauke, da saura. Wurin nan kuwa ko tabo babu, gashi ya rufe shi tun tuni. Mutanen gari suka gane, suka mayar da abin wasa. In sun wuce sun ga Hadi, ƙato da shi, ya sunkuyar da kai gaban ubansa, sai su ce, wanzam, har yanzu? Ya amsa musu ba tare da ya ɗago ba. Ba wanda ya taɓa cewa ya yi rashin kunya. Ai magani yake yi.

Labarin ƙahon ya bazu, mata suka riƙa kawo masa yara daga Ajingi da ƙauyukan kewaye, duk wanda kansa ya ɗan canja kama. Yawancinsu bai kafa musu komai ba. In ya ga maɗiga ce ta faɗa bayan zawo ko amai, sai ya ce wannan ba aikin ƙaho ba ne, jikin ne ya bushe, a dage da nono da ruwa. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya faɗi gaskiya ya yi musu addu'a. Sau ɗaya ya sake ɗaga wa wata jaririya ƙashi, ita ma ta rayu har ta yi jikoki. Ya ga shekarun ƙoshi, ya ga na fari da yunwa, ya ga shekarun da ake gudu cikin ganuwa saboda mahara. Ya haifi waɗansu 'ya'yan, waɗanda yake ɗauka yana kiran sunansu yadda ya ga dama. Hindatu ta yi shekaru ba ta wurga taɓarya ba, sai ranar bikin Hadi mata suka matsa mata, ta karɓa ta yi luguden da aka daɗe ana zancensa.

Tsufa ya zo wa Surajo ta ido da hannu. Gani ya dushe, yatsu suka fara rawa, zabira ta koma kafaɗar Hadi, wanda shi ma a lokacin furfura ta fara fito masa. Duk da haka kowace Juma'a yana zuwa ya durƙusa, tsoho ya lallaɓa ya yi askin. Ran nan aska ta kuɓuce ta ɗan yanke shi a bayan kunne. Ba wani yanka ba ne, amma Surajo ya ji danshin jini a yatsansa, shi da bai taɓa yankan kowa a wajen aski ba. Sa'an nan ya naɗe askar ya ajiye a gefe, ya kai hannu gefen hagun nan ya shafa, ya janye hannun.

"Ya warke," in ji shi. "Tun tuni ya warke, Hadi. Ka huta da zuwa."

Hadi bai tashi ba. Sunan ya shige shi har ƙashi, ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ya laluɓo hannun tsohon, wanda ke ta rawa, ya mayar da shi kan wurin, ya danne da nasa.

"A'a, Baba," in ji shi. "Da saura."

Juma'ar da ta biyo baya ya zo da kansa a aske, ya durƙusa a kan buzun, ya sunkuyar.